Daga Kuɗin Laraba Zuwa Jinga: Tarihin Makon Karatun Yaro a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Tsakure

Wannan muƙala ta bi diddigin mako a matsayin ma'aunin karatun yaro a ƙasar Kura da Bunkure, tun daga makarantar allo har zuwa firamaren yau. Ta nuna cewa makon allo yana da ranar bita da gida ya san da ita, kuma shekarar karatu tana jingine da hutun rani. Tsakanin 1974 da 1976 abubuwa biyu suka sauka a yankin kusan lokaci guda: ruwan madatsar Tiga ya mayar da rani lokacin aiki, shirin ilimin firamare ga kowa kuma ya kawo sabon mako wanda iyaye ba su san abin da ke cikinsa ba. Muƙalar ta ƙare da abin da za a iya farfaɗowa da shi daga tsohon tsarin.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da hantsin wata Litinin cikin watan Fabrairu, da zarar ya wuce garin Kura ya doshi Kwanar Gafan zai ga kwandunan tumatir jere a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Idan ya ƙara duba cikin gonaki, zai ga cewa daga cikin masu tsinka da masu dako akwai yaran da a wannan sa'a sunayensu na cikin rajistar aji huɗu ko aji biyar. An saba fassara wannan da sakacin iyaye ko kwaɗayin kuɗi. Fassarar ba ta rasa gaskiya ɗungurungum ba, amma ta gaza, domin waɗannan iyaye su ne jikokin mutanen da suka riƙa biyan kuɗin Laraba ba fashi, suna dafa sadaka duk lokacin da yaro ya kai wata sura. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa gidan da ya iya bibiyar makon allo ya kasa bibiyar makon firamare?

2.0 Asalin makon karatu a littattafan Malikiyya

Tsara ilimi bisa mako daɗaɗɗen abu ne a Musulunci. Imamu Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, yakan yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kawai, kuma da aka nemi ya mayar da shi kullum sai ya ƙi don gudun ƙosar da su, yana mai koyi da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Haka kuma ya tabbata cewa mata sun nemi Annabi ya ware musu rana tasu ta karatu, ya kuwa ware.

Game da hutun yara na Alhamis da Juma'a, labarin da ya shahara a bakin malamanmu shi ne wanda Shehu Nafrawi ya kawo a Alfawakihud Dawani, sharhinsa na Risala: cewa yaran Madina sun fita taryen Sayyidina Umar da ya dawo daga Sham ranar Alhamis, suka kwana a hanya, suka shigo gari ranar Juma'a a gajiye, sai ya sanya musu hutun waɗannan ranaku biyu. Littattafan baya ne suka fi kawo labarin, don haka ɗalibin tarihi zai riƙe shi da taka-tsantsan. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne littafin Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, wato Adabul Mu'allimina. A cikinsa an umurci malami ya sanya wa yara lokacin da za su kawo masa abin da suka karanta, aka ba da misali da yammacin Laraba da ranar Alhamis, sannan ya sallame su ranar Juma'a. Alƙabisi, wanda ya rasu a 403 bayan Hijira, ya faɗaɗa wannan bayani a risalarsa kan malamai da ɗalibai, ya kuma tattauna wajibcin da ke kan uba wajen koyar da ɗansa ko ɗaukar nauyin wanda zai koyar da shi.

Abin lura shi ne makon da waɗannan fuƙaha'u suka tsara yana da ƙarshe mai ma'ana. Kafin a huta sai an ji abin da ya zauna a kan yaro. Wannan tsari ne ya biyo ayarin fatake da malamai ya ƙetaro Sahara, ya zauna a zaurukan ƙasar Hausa.

3.0 Makon allo a ƙasar Kura kafin zuwan ruwa

Kura tsohon gari ne na sana'a. Ta yi suna da rini da bugu, har baƙin yadinta mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa ya ɗauki sunanta a kasuwannin Agadas da sauran garuruwan hamada. Ƙauyukan da ke kewaye da ita har zuwa Bunkure kuwa manoman damina ne: dawa, gero, wake, gyaɗa, da ɗan lambu a fadama.

Makarantar allo a irin waɗannan garuruwa tana buɗe mako ranar Asabar, ta rufe ranar Laraba. Ana zama da safe, a dawo bayan Azahar, manyan yara kuma su ƙara da na dare a gefen wutar kara. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya shiga haɗa baƙi, ya tashi daga gajerun surori yana hawa. Malam ya rubuta masa ko ya rubuta da kansa, a biya masa, ya yi ta maimaitawa, ba kuma zai wanke allo ba sai malam ya saurara ya gamsu. Ranar Laraba yaro ya zo da ɗan abin da gida ya bayar, kuɗi ko hatsi, shi ne kuɗin Laraba.

A wannan tsari gida yana da ƙofofi uku na sanin halin da yaro ke ciki. Ta farko allon kansa: abu ne da ake gani, idan rubutu ɗaya ya kwana goma bai canza ba, kowa ya san karatu ya cije. Ta biyu kunne: ko da uwa ba ta iya rubutu ba, ta haddace surorin da take salla da su, don haka idan yaro yana tishi a tsakar gida tana tuƙa tuwo, tana iya tsayar da shi ta gyara masa. Ta uku al'ada: kuɗin Laraba yana tuna wa uba kowane mako cewa akwai alkawari tsakaninsa da malam, sadakar da ake yi idan yaro ya kai Sabbi ko Amma ko Tabara kuma tana sanar da unguwa duka inda ya kai.

Shekarar karatu ita ma tana da nata tsari. Da damina karatu yakan yi sauƙi saboda gona. Idan aka yi kaka aka cika rumbu, sai a sami wata biyar ko shida babu aikin gona. A nan ne karatu ke kankama, a nan ne kuma wasu malamai ke ɗibar almajirai su tafi ci-rani birni ko gabas, su dawo da faɗuwar ruwa.

Adalci ya sa a faɗi naƙasun tsarin. Yaron da aka tura gabas ya fita daga idon gida gaba ɗaya. 'Ya mace galibi takan bar allo da wuri. Kuma da yawa sukan sauke ba tare da sanin ma'ana ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa, a Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta amsa wannan kira a aikace da tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauye. Wannan ya nuna cewa tun a ƙarni na 19 jagororin jihadi sun fahimci cewa ilimin uwa shi ne ginshiƙin karatun gida.

4.0 Shigowar makon boko

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, daga nan kuma makarantun elementare na En'e suka riƙa yaɗuwa a hankali zuwa garuruwan hakimai. Har zuwa samun 'yancin kai a 1960 ƙalilan ne daga yaran karkara suka shiga. Dagaci yakan sha wuya kafin ya cika adadin yaran da aka nema daga ƙasarsa, iyaye kuma sukan ɓoye 'ya'yansu. Saboda haka a ƙauyukan Kura makon allo ya ci gaba da zama shi ne makon yaro na haƙiƙa.

Makon boko ya sha bamban da na allo a gininsa. A allo kowane yaro yana tafiya da gudun kansa, ba ya wucewa sai ya iya. A boko aji ne ke tafiya, manhaja an yanka ta zango-zango, kowane zango an yanka shi mako-mako. Malami yana da abin da zai koyar a mako na uku da wanda zai koyar a mako na huɗu, hedimasta yana sa hannu a littafin shirin darasinsa. Yaron da ya yi fashin mako na uku, babu wanda zai dawo masa da shi. Wannan bambanci bai dami kowa ba lokacin da 'yan boko ba su da yawa. Ya zama babban al'amari ne bayan 1976.

5.0 Tiga, Kadawa da ɓacewar hutun rani

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko Audu Baƙo kuma ya sa gina madatsun ruwa a gaba. An fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan Bagauda, sannan aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, fari mai tsanani na 1973 ya ƙara wa aikin muhimmanci. Daga Tiga aka jawo babbar hanyar ruwa, aka rarraba ta zuwa ƙananan magudanai a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da kimanin hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda kula da aikin ya koma hannunta.

A wannan shekara ta 1976, cikin watan Satumba, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa, firamare ta isa ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba.

Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ce zuciyar wannan tarihi. Ruwa ya kawo alheri wanda ba mai musunsa: alkama, tumatir, albasa, masara, daga baya shinkafa ta mamaye, har Kura ta zama cibiyar casa da cinikin shinkafa. Magidanci ya daina tafiya ci-rani, baƙi ma suka riƙa zuwa neman aiki. Amma wata biyar ɗin nan na sarari, waɗanda karatun yaro ya jingina da su shekaru aru-aru, sun tafi. Idan aka ɗora kalandar gona a kan ta makaranta za a ga yadda suka yi karo. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, ya haɗu da korar tsuntsaye da yankan shinkafa da shukar alkama. Zango na biyu, daga Janairu zuwa Afrilu, ya faɗa tsakiyar ban-ruwa da tsinkar tumatir da girbin alkama. Zango na uku ya haɗu da sharar gona da dashen shinkafar damina. Babu zangon da gona ta saki yaro.

Noman rani ma yana da nasa mako. Ruwa yana zuwa ne bi da bi, ranar da ya zo layin gonarku dole wani ya tsaya. Tumatir idan ya nuna ba ya jira, ranar da dillali ya kawo mota ita ce ranar tsinka. A cikin gida kuma mata sun sami sana'ar turara shinkafa da dafa abincin sayarwa ga 'yan ƙwadago, kuma tun da matan aure da yawa ba sa fita, 'ya mace ce ke kai talla gona. Hannun da ya kamata ya riƙe fensir da ƙarfe tara na safe shi ne hannun da tattalin gida ya dogara da shi a wannan sa'a.

6.0 Yaro ɗaya, mako uku

Kafin wannan lokaci wani tsari na uku ya riga ya kunno kai. Tun a shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa suka ƙarfafa kafa makarantun Islamiyya masu aji da allon bango da manhaja, daga shekarun 1980 kuma suka bazu ko'ina cikin jihar. Yawancinsu sun gaji makon allo, Asabar zuwa Laraba, suna zama da yamma, Asabar da Lahadi kuma da safe.

Sakamakon haka yaron Kura ko Bunkure na yau yana rayuwa cikin mako uku. Firamare daga Litinin zuwa Juma'a, Islamiyya ko allo daga Asabar zuwa Laraba, gona kuma ba ta da ranar hutu. Idan aka lissafa, babu yini guda cikakke da yake hutawa a cikinsa, abin da ya saɓa wa hikimar da Ibn Mas'ud ya yi aiki da ita. Kuma daga cikin makonnin uku, na firamare ne kaɗai gida ba ya ji ba ya gani. Uba ya san ranar ruwa. Uwa tana jin haddar Islamiyya, tana gane inda aka yi tuntuɓe. Amma littafin jinga, idan ma akwai shi, yana cikin jaka, da Turanci. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da azuzuwan farko da harshen uwa ko harshen yankin, sai dai a aikace malami yakan yi bayani da Hausa ya rubuta a allo da Turanci, yaro ya kwafe abin da shi da uwarsa duka ba sa iya karantawa. Labarin karatu ba ya isa gida sai ƙarshen zango, a takardar sakamako mai ɗauke da lambobi, bayan mako goma sha biyu ko sha uku sun wuce.

Na taɓa zama a zauren wani magidanci a ɗaya daga ƙauyukan yankin, na tambaye shi inda ɗansa ya kai a karatu. Nan take ya faɗa mini surar da yake ciki da wadda ya baro. Da na ce, "To, a boko fa, Malam?" sai ya yi shiru, ya leƙa cikin gida ya tambaya ko aji uku yake ko huɗu. Mutumin nan ba ya ƙin boko, shi ya ɗinka wa yaron kayan makaranta. Hanyar sani ce ba a buɗe masa ba.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙari ta fuskoki da dama. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha a 1980. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. An kafa kwamitocin gudanar da makarantu masu wakilcin iyaye, an yi ciyarwa, an ayyana ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, an kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Mafi yawan waɗannan matakai sun fuskanci shigar da yaro aji ne da gina ajin. Tambayar abin da gida ya sani game da karatun wannan mako ba ta sami irin wannan kulawa ba.

7.0 Abin da za a iya farfaɗowa da shi

Ba za a mayar da ruwan Tiga baya ba, ba kuma mai fatan haka. Abin da za a iya ɗaukowa daga tarihi shi ne ƙofofin nan uku.

Na farko, ranar bita. Abin da Ibn Sahnun ya tsara wa malamin Alƙur'ani ya dace da malamin lissafi: a ware darasin ƙarshe na Alhamis don jin abin da ya zauna, musamman ga yaran da gona ta ɗauke musu kwana ɗaya ko biyu. Alhamis ta fi dacewa domin da yammacinta babu Islamiyya.

Na biyu, abin da kunne zai ji. Malami ya rubuta layi biyu ko uku da Hausa, da boko ko da ajami, na abin da aka koya a makon: jadawalin bakwai, ko haruffa biyar, ko sunayen sassan tsiro. Uwa ba ta buƙatar sanin amsa kafin ta ce wa ɗanta, "Zo ka karanta mini in ji." Wadda ta yi Islamiyyar matan aure tana karanta ajami ko boko, wadda ba ta yi ba tana da ɗa ko 'ya a sakandare da za ta sa ya zauna da ƙaninsa tsakanin Magariba da Isha'i.

Na uku, alkawarin mako. Kuɗin Laraba ba don kuɗin kaɗai yake da daraja ba, yana haɗa uba da malami kowane kwana bakwai. Uba zai iya mayar da daren Alhamis lokacin da yake buɗe jakar ɗansa ya ƙirga shafukan da aka rubuta, kamar yadda kakansa ke duba allo. Haka kuma ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa da kwamitocin makarantu, waɗanda sau da yawa mutane ɗaya ne ke cikinsu, za su iya daidaitawa a mayar da aikin da dole sai da yara zuwa bayan tashi daga makaranta.

A nan akwai nauyi na musamman a kanmu, malamai da ɗaliban ilimin addini. Limamai da malaman Islamiyya su ne waɗanda iyaye ke saurara. Idan malamin Islamiyya ya tambayi yaro jingarsa ta boko kamar yadda yake tambayarsa hadda, ya nuna wa gida cewa duka biyun amana ce. Hadisin da ya ɗora wa kowane makiyayi alhakin abin kiwonsa ya ambaci namiji a kan iyalinsa da mace a gidan mijinta, bai kuma ware wani nau'in ilimi mai amfani ya fitar da shi daga wannan kiwo ba.

8.0 Kammalawa

Tarihin yankin Kura da Bunkure ya nuna cewa gida ya bibiyi karatun allo ne domin tsarin ya ba shi abin gani, da abin ji, da rana sananniya. Zuwan ruwa a 1974 ya cinye lokacin da karatu ke samu, zuwan firamare a 1976 kuma ya kawo makon da bai buɗe wa gida ko ɗaya daga waɗannan ƙofofi ba. Yaron da aka rubuta sunansa shekara shida a rajista ya fita bai iya karanta takardar maganin feshi da zai zuba wa tumatirinsa ba, ya yi asarar yarintarsa a tsakanin gona da aji, kuma za a tambayi iyaye da malamai game da shi. Akwai buƙatar ɗalibanmu su shiga waɗannan ƙauyuka su tattara bayanan dattawan da suka ga zamanin kafin ruwa tun suna raye, su kuma duba tsofaffin rajistocin makarantu don ganin makonnin da fashi ya fi yawa. Allah ne mafi sani, Shi muke roƙo ya shirya mana zuriyarmu.